Ɗakin da Gwaggo Ba Ta Taɓa Kwana a Ciki Ba

Ran da Mai Aski ya zo ya ce za su tashi daga gidan, Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɗiga wa kwaɗon ƙofar gida mai, don ya kwana biyu yana yi wa 'yan haya gardama. Ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya gaishe ta, ya tambayi gwiwa, ya tambayi 'yarta da jikoki, ya sake komowa kan gwiwa. Gwaggo ta san duk wanda ya tambayi gwiwa har ya maimaita, akwai magana a bakinsa.

"To, faɗi," ta ce.

"Gwaggo, dama wani ɗaki muka samu can wajen shago. In Allah ya kai mu ƙarshen wata za mu tashi."

Ta ajiye kwaɗon a cinya, mai ya ɓata mata zane ba ta ma lura ba.

"Wani ya yi muku wani abu?"

"Babu, Gwaggo."

"Ni na yi?"

"Haba, Gwaggo."

"Ruwa ne? Wuta? Ko keken ɗinkin Tela ne ya ishe ku?"

"Wallahi babu komai. Kusa da shago ne kawai."

Shagon nasa kuwa, in ka tsaya a ƙofar gida ka ɗan miƙa wuya kana hango allonsa. Gwaggo ta dube shi, shi kuma ya dubi ƙasa. Ta ce Allah ya sa hakan ya fi alheri, ya tashi sum-sum ya fita.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. 'Yan haya sun sha zuwa sun sha tafiya, ba ta taɓa riƙe rigar kowa ba, amma Mai Aski daban yake. Shi ne mutum na farko da ya kama ɗaki a gidan, tun fenti bai gama bushewa ba, yana saurayi siriri da jakar kayan aski a kafaɗa. A nan ya yi aure. Matar tasa har yau Amarya ake ce mata, alhali furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ɗansu ma ya girma ya tafi neman na kansa. Lokacin da ciwo ya kwantar da mijin Gwaggo, Mai Aski ne ke shigowa da reza da tawul ya gyara masa fuska ba tare da kowa ya roƙe shi ba, yana yi yana ba shi labarin gari har marar lafiya ya yi dariya. Shi ya ɗauke shi a baya zuwa mota ran da aka kai shi asibiti. A duk zamansu kuma bai taɓa kawo mata ƙara ba, ko ta ƙusa ɗaya. Irin wannan mutum ne zai kwashe kayansa ya bar ta da "babu komai".

Gwaggo ba a gidan kanta ta tashi ba. Rabin rayuwarta a ɗakunan mutane ta yi. Mijinta direban babbar mota ne, duk inda aiki ya ja shi nan suke kama haya, ita ke ɗaure tukwane da katifa, ita ke kwancewa. Ta zauna a ɗakin da in ana ruwan sama sai ta jera kwanuka a kan gado ta rungume 'yarta a lungu. Ta zauna a wanda tagarsa ke kallon kwata, ta zauna a wanda sai an sa kafaɗa an ɗaga ƙofarsa take rufuwa. Duk mai gidan da ta kai wa kuka kuma, amsarsu ɗaya kamar sun haɗa baki: "Ikon Allah, ai ban sani ba." Wannan "ban sani ba" ta fi yoyon kansa ƙona mata rai. Mutum ya gina ɗaki, ya zuba 'ya'yan mutane a ciki, sannan ya shafa ciki ya ce bai sani ba. To wa zai sani, maƙwabta?

Da marigayi mijinta ya sauka daga mota, ya tattara ɗan abin da ya tara suka gina gidan nan. Ɗakuna ne a jere hagu da dama, tsakar gida da famfo da igiyar shanya, banɗakin kowa da kowa a can ƙurya, nasu ɗakin a farkon jeri, na Mai Aski manne da shi. Bai daɗe yana shan inuwar gidan ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata makullai cike da zobe, ba ta ma san wanne ke buɗe wace ƙofa ba.

Ba a jima ba wata malamar makaranta da ke ɗakin ƙarshe ta tashi, ta yi godiya, ba ta ce uffan ba. Wanda ya shiga bayanta shi ma bai yi nisa ba ya tattara. Har 'yan unguwa sun fara raɗa cewa ɗakin akwai wani abu a ciki. Gwaggo ta ce to, bari ta je su gaisa da abin. Ta ɗauki tabarma da filo da buta ta koma ɗakin da zama. Ba ta daɗe ba ta kama aljanin, ashe mai gasa burodi ne na bayan gida, tandarsa jingine da bangon. In bai hura wuta ba ɗakin lafiya lau, in ya hura kuwa sai ka rantse a cikin tukunya aka rufe ka. Ta je suka yi magana ta mutunci, aka ja tandar gefe, ta sa aka fasa taga ta biyu. Tela ne ya shiga ɗakin bayan gyaran, yana nan har yau, ko da sanda ba ka fitar da shi.

Tun daga nan abin ya zame mata doka. Duk ɗakin da ɗan haya ya bari, ba ta ba kowa makullinsa sai ta zauna a ciki da kanta na 'yan kwanaki. Zama na sosai kuwa take yi. Ta dafa shayinta a nan, ta rataye kaya a ƙusa ta ga ko za ta riƙe, ta jona rediyo a kowane soket, ta buɗe ƙofa da kaya a hannu, ta watsa ruwa a daɓe ta ga inda yake gangarawa, ta zauna da tsakar rana ta ji irin zafin da ke saukowa daga kwano. Abin da ta tarar, ta gyara kafin wani ya shigo. Tela kan leƙo ya ce, "Sabuwar 'yar haya, sannu da zuwa. Ki dai yi hankali da mai gidan nan, masifaffiya ce." Ita kuma ta ce ta ji labari, an ce har da wani tela mai surutu take fama.

Ƙaninta, da ya yi ritaya ya sayi gida ya sa haya, yakan zo neman shawara, ya sha shayi, ya tafi bai yi aiki da ko ɗaya ba. Duk da haka ba ta gajiya da faɗa masa.

"Kada ka ba mutum ɗaki sai ka je ka ga inda ya baro, ka gaisa da maƙwabtansa. Abin da kuka yi magana a kai ku rubuta, kowa ya riƙe nasa, ko da ɗan 'yar'uwarka ne, shi ma ya fi buƙatar takardar. Kowane ɗaki ka sa masa mitar wutarsa, in ba haka ba za ka ƙare kana alƙalancin dutsen guga. Ka riƙe mai famfo ɗaya da mai wuta ɗaya, ka san gidajensu. In aka ce maka famfo na ɗiga, yau za ka je, kada ka ce sai an ga wata. Sannan ɗakin da ka ba mutum ya zama nasa. Kada ka kutsa masa kai don kana taƙama kai ka gina, ka tsaya a bakin ƙofa ka yi sallama."

Wannan ta ƙarshe ta fi riƙewa da ƙarfi, don wani mai gida ya taɓa faɗo mata ɗaki tana shayar da jinjira, wai ya zo duba silin. Saboda haka ƙafarta ba ta tsallake dokin ƙofar ɗan haya. Ko barka za ta yi, ko duba marar lafiya, a baranda take zama.

To ga inda matsalar take, ita kanta sai da Mai Aski ya ce zai tashi ta hango ta. Ɗakin wanda ya tafi kaɗai take sani. Masu saurin tashi da masu ƙorafi su ke samun ɗaki gyararre. Wanda ya zauna ya yi shiru kuwa, ɗakinsa a rufe yake gare ta. Kowane ɗaki a gidan nan ta kwana a cikinsa, wani ma ba sau ɗaya ba, ban da wanda ke manne da nata.

Ta gwada ta wajen Amarya, ta tare ta a bakin famfo tana wanke-wanke. Amarya ta yi murmushi, ta yi tari, ta ce wallahi babu komai, Gwaggo, ai zumunci yana nan. Tarin nan ya daɗe tare da ita. Gwaggo ta sha haɗa mata zuma da lemun tsami, ta sha tura ta wajen 'yarta da ke aikin nas a asibiti, ya lafa ya dawo. Ta koma ɗaki tana juya maganar. Idan ta bi dokarta, sai sun tafi za ta shiga ɗakin ta gano abin da ya kore su, sanin da ba zai dawo mata da kowa ba.

Da yamma da Mai Aski ya dawo, ta kira su duka biyu.

"Kun san al'adata. Tunda za ku tashi, dole in zauna a ɗakin nan. To ni ba zan jira sai kun tafi ba. Gobe ku ɗauki katifarku ku koma nawa, ni in shiga naku."

Gumi ya karyo wa Mai Aski. "Gwaggo, ɗakinki? Ai ba zai yiwu ba. Ki bari mu kwashe kaya tukuna, a share."

"Na taɓa roƙonka wani abu tunda kake gidan nan?"

"A'a."

"To yau na roƙa."

Ya dubi matarsa, matarsa ta dubi bokiti. Haka aka yi musaya. Tela ya ce ya ga Mai Aski zaune a bakin kujerar Gwaggo a ɗofane, hannu a gwiwa, kamar wanda ke jiran likita.

Ɗakin Gwaggo yana da abu ɗaya da sauran ba su da shi. Shekarun baya, da gwiwa ta matsa mata, 'yarta nas ta sa aka yanki gefen ɗakin aka yi mata ɗan banɗaki a ciki, don ta huta da jan ƙafa zuwa ƙurya da bokiti. Gwaggo ta ji daɗin banɗakin nan har ba ta san inda za ta sa kanta ba. Duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labari, kullum ta yi wanka sai ta sa wa 'yarta albarka da ƙarfi har na tsakar gida su ce amin. Mai Aski da kansa ya taya sauke buhunan siminti ran da aka fara aikin.

Ɗakin Mai Aski kuwa, da ta shiga ta same shi tsaf, an share an goge, fenti sabo, ƙamshin turare ta ko'ina. Sai dai hancin da ya yi rabin rayuwa a gidan haya turare ba ya ruɗa shi. A ƙarƙashin ƙamshin akwai wani wari mai sanyi, irin na tsumman da aka manta a cikin bokiti. Ta bi shi da hanci har gaban wani dogon labule da aka rataye a bangon da babu taga. Ta ɗan tsaya, don ba ta saba taɓa kayan mutane ba, sannan ta tuna yau ita ce 'yar hayar. Ta yaye.

Daga ƙasa har kusan ƙugunta bangon ya sha ruwa. Fenti ya kumbura yana ɓarewa, a ƙarƙashinsa wani fentin, a ƙarƙashin wannan ma wani, alamar an daɗe ana shafawa ana rufewa. Fumfuna ta yi baƙi a kusurwa. Ta danna da yatsa, siminti ya marmashe kamar gari. Bayan durowar kayansu duk katakon ya ruɓe, sun tallafe ta da bulo. Ta zauna a bakin gado ta riƙe haɓa. Ashe a nan Amarya ke kwana da numfashi, ita kuma tana can tana dama mata zuma da lemun tsami.

Ta duba silin, babu tabon yoyo, ga shi ba lokacin ruwa ba ne. Ta zagaya bayan gida, ƙasa a bushe ƙamas. Ta sa kunne a bango ko za ta ji bututu na tsiyaya, shiru. Abin da ya ƙara ɗaure mata kai, kwana ya bi kwana bangon yana ja da baya, gefen laimar yana yin fari-fari kamar mai shirin bushewa. Ba ta taɓa ganin bangon da ke warkewa da kansa don mai gida ta shigo ba.

Wata safiya tana zaune a baranda da kofin shayi, sai ga Amarya ta fito daga ɗakin Gwaggo da bokiti da kwandon soso, ta nufi ƙurya ta tsaya bayan matar Tela tana jiran layi.

"Amarya, ga banɗaki a cikin ɗaki, me ya kai ki layi?"

"Na saba da nan ne, Gwaggo."

"Mijin naki ma ya saba?"

"Shi ma."

Gwaggo ta ajiye kofin. Ta dubi ƙofar ɗakinta, ta dubi ta Mai Aski, ta auna da ido inda banɗakin ya tsaya da inda labulen yake. Ta jira har Amarya ta tafi kasuwa, ta yi sallama a ƙofar ɗakin kanta duk da ta san babu kowa, ta shiga. Daɓen banɗakin a bushe yake, tunda ta fita ba a zuba masa ko kofi ɗaya ba. Ta tara ruwa ta sheƙa, ta ƙara, kamar yadda take yi kullum. Wannan karon ta tsaya ta kalli ruwan. Rabinsa ya bi makwarari, rabi ya kwanta a gindin bango, inda tayil ya rabu da siminti da 'yar tsaga siririya, yana shigewa a hankali. Ta koma ɗaya ɗakin ta ja kujera ta zauna gaban bangon. Ba ta daɗe da zama ba, gindin bangon ya fara duhu.

Kunya ta rufe ta, ita kaɗai a ɗaki, har ta ja mayafi ta rufe fuska. Ruwan wankanta ne. Duk safiyar da take sa wa 'yarta albarka, ruwan yana ratsawa cikin ɗakin bayin Allah nan, suna jin saukarsa, suna amsa mata da amin. Ta tuna duk masu gidan da suka taɓa ce mata ba su sani ba, ta ji kalmar ta zo mata har bakin leɓe. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta wanke fuska ta ɗauki sandarta.

Shagon Mai Aski ɗan ƙarami ne, madubi mai tsaga a kusurwa, kujera mai juyawa da aka ɗinke wa yagewa da zaren buhu, injinan aski rataye a ƙusoshi, gwangwanin hoda da buroshi a kan kanta, gashi a tare a lungu. Da ta yi sallama, masu jiran layi suka miƙe a ruɗe, don ba a saba ganin tsohuwa a nan ba. Wani yana kan kujera an aske masa rabin kai. Ta ce wa Mai Aski ya ƙarasa, kada a saki bawan Allah haka ya shiga gari. Ta zauna a benci. Da ya gama, sauran suka tuna suna da uzuri, suka zame ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe?" ta ce.

Ya kashe rediyo. Ya ɗauki tawul ya ninke, ya warware.

"Tun da aka yi banɗakin?"

"Bayan nan da kaɗan."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Gwaggo, da wane baki zan faɗa? Ke uwa ce a wurina. In zo in tsuguna a gabanki in ce miki ruwan..." Bai iya ƙarasawa ba. "Kuma na ga yadda kika ji daɗin wurin nan. Na san halinki, in na faɗa rufe shi za ki yi ki koma jan ƙafa da bokiti. Sai na ce bari in riƙa shafa fenti."

"Fenti yana maganin tari?"

Ya sunkuyar da kai. "Likita ne ya ce in ba ta bar ɗaki mai laima ba, tarin ba zai bar ta ba. Shi ya sa. Wallahi ba don haka ba, babu inda za ni."



"Ka ɓata mini rai," ta ce, "kuma na gode. Duka biyun ne, ban san wanda ya fi yawa ba. Tunda nake, ban taɓa samun wanda ya rufa mini asiri irin haka ba. Amma ka cuce ni, ka cuci yarinyar nan. Bangon nawa ne, ruwan nawa ne, kai kuma ka ɗauka ka ɗora wa ƙirjin matarka. Ni ma da laifina, na ji daɗin shirunka har ban taɓa tambayar me ke bayansa ba."

"Ki yafe mini, Gwaggo."

"Ni ce mai neman gafara. Ka saurara. Ɗakina yana kallon rana, a bushe yake. Ku zauna a ciki. Ni na kama naku."

"Ɗakin marigayi? Gwaggo, wannan kam ba zan iya ba."

Ita ma abin ya soke ta. A ɗakin nan ta yi jinyarsa, ƙusar da yake rataye hularsa tana nan ba ta cire ba.

"Kai ka san shi kamar yadda na san shi. Da yana nan, da kansa zai ɗauki katifarku. Ban ce ka amsa yanzu ba. In kun tafi ma ba zan riƙe ku a zuciya ba, lafiyar Amarya ta fi. Ni dai ba zan koma wancan ɗakin ba, ko kuna nan ko ba kwa nan."

Washegari Mai Famfo ya zo da magini. Suka fasa daɓen banɗakin, suka tarar an yi masa gangara ta inda bai kamata ba, bututun ma a tsage. Mai Famfo ya ce ruɓaɓɓen bangon ba ya gyaruwa sai an rushe. Gwaggo ta ce tunda rushewa za a yi, a mayar da wurin ƙofa, a toshe ta ɗaya gefen, banɗaki ya dawo ɓangarenta. Magini ya cire hula ya sosa kai, ya ce da ta zo sun yi sana'a tare da tuni ya yi mota.

Ana aikin, ita kuma ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa a bakin ƙofa kamar kullum, amma da sabuwar magana. "Faɗa mini abu ɗaya da ya lalace a ɗakin nan. Ban karɓar babu komai, na daina." Abin mamaki, kowa da nasa. Soket ɗin Tela yana tartsatsi tun bara, ya manne shi da salatif. Ma'aikacin gidan mai da ke ɗaki na tsakiya gara ta cinye masa ƙasan ƙofa. Wata mai kitso ta ce ragar sauron tagarta ta yage, ta ga bai kai a tayar da tsohuwa a kansa ba. Gwaggo ta riƙa godiya tana jin kamar ta mari kanta. Da ƙaninta ya zo shan shayi ta ce masa ya ƙara wannan a kan shawarwarin da ba ya bi: ɗan hayar da ba ya kawo ƙara, shi za ka fi bi da tambaya.

Mai Aski dai bai ce za su zauna ko za su tafi ba. Yana fita, yana dawowa, yana gaisuwa. Amarya ta rage tari, Gwaggo tana jin hakan ta bango, amma ta ga an sayo igiya da manyan buhuna an ajiye a baranda, ba ta kuma tambaya ba. Ta yi alkawari ba za ta riƙe su ba, sai dai duk motar kaya da ta rage gudu a kan layi, sai ta leƙa waje.

Ran da wata ya ƙare, tana tsaye cikin ƙurar siminti tana yi wa magini faɗa a kan dokin sabuwar ƙofa, sai ga Mai Aski da tsakar rana, lokacin da bai saba dawowa ba. Ya tsaya a tsakar gida yana murza hannu. Ta fito tana dafa bango, ta shirya jin sallama.

"Gwaggo, dama wata 'yar magana ce." Ya share gumi. "Tagar ɗakin can, ta wajen gado. Ba ta rufuwa sosai, akwai inda iska ke shigowa. Na ce ko za a duba, don in lokacin sanyi ya zo kada ya dami Amarya."

Sanyi kuwa da sauran watanni kafin ya zo. Gwaggo ta tsaya tana kallonsa. Tagar nan ta shekara da shekaru tana cusa mata tsumma, ba ta taɓa lissafa ta cikin abin da ya lalace ba. Idonta ya ciko, ba ta ɓoye ba.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Sai me kuma?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Ƙarya kake. Je ka ka tambayo Amarya, ita ta fi ka gaskiya."

Ya juya yana dariya yana goge ido da gefen riga. Ita kuma ta ɗaga murya ta ce wa Tela in ya ga kafinta ya wuce ya tsayar mata da shi.